Hayaƙin Taya Ba Shi Ne Ƙarfin Mota Ba

Wata ranar Asabar da la'asar sakaliya ina tafe a gindin badala, tsakanin Ƙofar Na'isa da Ƙofar Gadon Ƙaya, sai na ci karo da ayarin 'yan biki sun tare rabin titi. Wani saurayi ya tsayar da motarsa, ya taka totur har inji ya ɗauki kururuwa, sa'an nan ya saki kuloci farat ɗaya. Tayoyi suka shiga juyawa a wuri guda suna ƙugi, farin hayaƙi ya turnuƙe, ƙaurin roba ya cika hanci. Yara suka kaure da sowa da tafi. Kusa da ni akwai wani yaro riƙe da littafin Fiziks na babbar sakandare, da alama daga darasin yamma ya fito. Ya dube ni cike da murna, ya ce, "Malam, ka ga mota mai ƙarfi!"

Maganar yaron nan ta fi wasan motar tsaya mini a rai. Shi saurayin da ke riƙe da sitiyari ban san iyakar karatunsa ba. Amma wannan ɗalibin kimiyya ne, kuma amsar abin da ya gani tana cikin littafin da ke hannunsa, sai dai ba wanda ya taɓa haɗa masa littafin da titi. Ra'ayin da nake son karewa a wannan shafi shi ne, hayaƙin taya shaidar asara ce, kuma malamin kimiyya ya fi ɗan sanda ikon rage wa wasan mota kwarjini a idon matasa, muddin zai yarda ya shigo da motar cikin aji. Hujjata kuwa zan ɗauko ta ne daga wajen mutanen da suka fi kowa haukan gudu, wato 'yan tseren motoci na ƙasar Amurka.

Bari mu fara daga ƙasa, inda taya ke haɗuwa da kwalta. Ƙaramar mota ba ta taɓa titi sai a wurare huɗu, kowane ɗaya bai wuce faɗin tafin hannun babban mutum da wani abin kirki ba. Duk ƙarfin da inji ya haifar, ko na doki hamsin ne ko na ɗari biyar, dole ya bi ta waɗannan 'yan wurare kafin mota ta motsa. Taya tana tura titi baya, titi kuma yana tura taya gaba, kamar yadda doka ta uku ta Isaac Newton ta nuna tun 1687. Abin da ke ba taya damar yin wannan turi shi ne gogayyar da ke tsakanin roba da kwalta, wadda a nan za mu kira riƙon ƙasa. Tun 1699 wani Bafaranshe mai suna Guillaume Amontons ya bayyana cewa wannan riƙo yana ƙaruwa ne gwargwadon nauyin da ke danna abu a kan ƙasa. Akwai kuma batu na biyu da kowane mai turin kura ya sani ko bai taɓa shiga aji ba: abin da ya riga ya fara zamewa ya fi sauƙin ja a kan wanda ke kafe. Saboda haka da zarar taya ta ƙwace ta shiga juyawa a banza, riƙonta ya ragu, ƙarfin injin ya koma zafi da ƙara da hayaƙi. Fetur ya ƙone, roba ta cinye, mota tana nan inda take.

Wannan ita ce matsalar da ta addabi Amurkawa a shekarun 1960. A lokacin fetur yana da araha a can, sai kamfanonin motoci suka shiga gasar cusa manyan injuna cikin motoci matsakaita. Pontiac GTO ta 1964 ita ake yawan ɗauka a matsayin wadda ta buɗe fagen, sai Dodge Charger a 1966, da Plymouth Road Runner a 1968, da Chevrolet Chevelle ta 1970 wadda mafi girman injinta ya haura lita 7, kuma kamfanin ya ce yana da ƙarfin doki 450. Sukan kira su da wani suna da za mu iya cewa motoci masu ƙwanji. Domin mai karatu ya kwatanta, injin Peugeot 504 da muka saba gani, wadda muke kira Fijo, lita 2 ne, ƙarfinsa bai cika doki 100 ba. Zamanin waɗannan motoci bai daɗe ba. Dokokin hana gurɓata iska, da tsadar inshora, da rikicin man fetur na 1973 suka taru suka karya kasuwarsu. Amma har yau masu sha'awa suna gyara tsofaffin suna tsere da su.

Tseren nasu ba na zagaye ba ne. Motoci biyu ne ke jerawa a bakin layi, a tsaye cik, fitila ta nuna kore, su miƙe sak tsawon rubu'in mil, wato mita 402. Mota mai kyau daga cikin irin waɗannan, yadda ta fito daga kamfani, takan cinye wannan tazara cikin daƙiƙa 13 zuwa 14. A tsere gajere irin wannan ba a gyara kuskure. Shi ya sa suke auna lokacin da mota ta ɗauka kafin ta ci ƙafa 60 na farko, kimanin mita 18, domin a nan ake ci, a nan ake faɗuwa.

To, ga inda gizo ke saƙa. Injin ƙato ne na baƙin ƙarfe, yana zaune a gaba, amma tayoyin baya ne ke ja. Fiye da rabin nauyin motar yana kan tayoyin da ba sa turi, su kuwa masu turin an bar su sakayau. Direba na taka totur sai su ƙwace. Ƙarin ƙarfin inji ba zai magance wannan ba, sai ma ya ƙara hayaƙi. Abin da ake bukata shi ne dabarar da za ta kwashe nauyi daga gaba ta aza shi a baya a daidai lokacin tashi.

Sa'ar da aka yi ita ce, nauyin da kansa yakan yi wannan ƙaura. Duk wanda ya taɓa shiga bas daga Ƙofar Wambai ya san cewa idan direba ya fizgi mota, fasinja yakan ji an manna bayansa da kujera, idan ya taka birki kuma sai goshi ya nufi kujerar gaba. Ita ma motar abin da ke samun ta ke nan. Titi yana tura ta ne daga can ƙasa, a gindin taya, alhali cibiyar nauyinta tana sama, wajen rabin mita ko fiye daga ƙasa. Turi daga ƙasa, nauyi a sama, sai gangar jikin ta nemi kifewa baya: hanci ya ɗaga, gindi ya zauna. Ɗalibai su lura, ba wani ƙarfe ne ya tashi daga gaba ya koma baya ba. Abin da ya sauya shi ne yadda tayoyin suka raba ɗaukar kayan a tsakaninsu.

Lissafin bai fi ƙarfin ɗan aji biyar ba. Abubuwa huɗu ne kacal ke cikinsa: nauyin mota, da yadda gudunta ke ƙaruwa, da tsayin cibiyar nauyinta daga ƙasa, da tazarar da ke tsakanin tayoyin gaba da na baya. A ninka ukun farko, a raba da na huɗu. Alal misali, mu ɗauka mota ce mai kilo 1,600, kilo 900 a gaba, 700 a baya, cibiyar nauyinta tana santimita 60 daga ƙasa, tazarar tayoyinta mita 3. Santimita 60 kashi ɗaya ne cikin biyar na mita 3. Idan ta tashi da ƙaruwar gudu ta mita 10 a daƙiƙa cikin kowace daƙiƙa, wato kwatankwacin yadda dutse ke ƙara gudu in an sako shi daga saman bene, to kashi ɗaya cikin biyar na nauyinta zai koma kan tayoyin baya. Kilo 320 ke nan, fiye da buhun shinkafa shida masu kilo hamsin-hamsin. Tayoyin da ke ɗauke da 700 yanzu suna ɗauke da 1,020, riƙonsu ya ƙaru da kusan rabi, ba tare da an ƙara ko ƙusa ɗaya a motar ba.

Sai dai akwai wani ƙulli a cikin wannan lissafi wanda nake so malamai su daɗe a kansa. Nauyi ba ya komawa baya sai mota ta zabura, mota kuma ba ta zabura sai tayoyin baya sun riƙe ƙasa, su kuma ba sa riƙewa da kyau sai nauyi ya zo musu. Kowane ɗaya yana jiran ɗan'uwansa. Idan taya ta kama a ƙiftawar farko, to abin zai yi ta ciyar da kansa: riƙo ya kawo zabura, zabura ta kawo nauyi, nauyi ya ƙara riƙo. Idan kuwa ta ƙwace a wannan ƙiftawa, shi ke nan, ba zabura, ba nauyi, sai hayaƙi. Duk fasahar 'yan tseren ta taru ne a kan wannan ɗan lokaci da bai kai daƙiƙa ɗaya ba, kuma abin mamaki, mafi yawan aikin a ƙafar gaba suke yin sa, wadda ba ta ja.

Abin da makanikanmu ke kira ƙafar mota manyan sassansa biyu ne. Akwai sifirin, wanda ke ɗauke da nauyin bodi, yana matsewa yana miƙewa. Akwai kuma shakazoba, wadda ba ta ɗaukar nauyi, aikinta ta hana sifirin rawa, ta hanyar tilasta wa mai bi ta ƙananan ramuka a cikinta. Tsakanin inda hancin mota yake idan tana tsaye, da inda zai kai idan an ɗaga shi har taya ta fara barin ƙasa, akwai wata tazara. Ita ce tazarar miƙewar ƙafar gaba, kuma ita ce 'yan tsere ke aunawa da ma'auni kamar tela yana awon riga. Ga mota mai matsakaicin ƙarfi sukan nemi kimanin inci 5, wato santimita 13.

Suna cire sifirin ɗin kamfani, gajere mai tauri, su sa dogo mai laushi. Dokar Robert Hooke ta 1678 ta ce matsewar sifirin tana tafiya daidai da nauyin da aka aza masa. Mu ɗauka kilo 900 ɗin nan suna matse mai tauri da santimita 10, mai laushi kuma da santimita 25. Motar za ta tsaya a tsayi ɗaya, amma mai laushin ya ajiye ƙarfi ninki biyu da rabi, kamar baka da aka ja har kunne. Idan aka sauke wa gaba kilo 320 a lokacin tashi, mai tauri zai ɗaga hanci da kimanin santimita uku da rabi, mai laushi kuwa da kusan tara. Sa'an nan su sa wata irin shakazoba da suke kira 90/10, wadda ke miƙewa ba gardama amma ta yi taurin kai wajen komawa. Hanci ya tashi da sauri, ya sauko a hankali. Sukan kuma kwance sandar ƙarfen nan da ke haɗa ƙafar hagu da ta dama, wadda makanikai ke kira sitabilaiza, domin tana riƙe ƙafar. Batir ma sukan ɗauke shi daga gaba su kai shi but.

A nan ina da ja da yadda masu sha'awar motoci da yawa ke bayyana abin. Sukan ce ɗagawar hanci ita ce ke jefa nauyi baya. Lissafinmu bai yarda da wannan gaba ɗaya ba, domin babu sifirin a cikin abubuwa huɗun da muka ninka. Amalanke ba shi da sifirin ko ɗaya, amma fizge shi ka ga yadda kayan ke neman komawa baya. Gaskiya ne idan hanci ya ɗaga cibiyar nauyi takan ɗan haura. In ta tashi daga santimita 60 zuwa 65, kilo 320 zai zama 347. Ƙarin kilo 27 ba abin rainawa ba ne ga mai neman ɗan ɓarin daƙiƙa, amma ba shi ne babbar ribar ba. Babbar ribar tana cikin lokaci. Ƙafa mai doguwar tazara tana ba gangar motar damar juyawa baya a sake, ta aza wa taya kaya cikin lallami, ta kuma daɗe tana riƙe da shi har motar ta sami gudu. Ƙafa mai gajeriyar tazara kuwa nan da nan takan kai iyakarta ta buga, hanci ya dawo ƙasa gaba ɗaya, tayoyin baya su yi sakayau a daidai lokacin da inji ke tsakiyar ƙarfinsa.

Abin kuma yana da iyaka. Motar da ƙarfinta ya yi yawa, idan aka sake mata ƙafa, sai tayoyin gaba su bar ƙasa ɗungum, ta miƙe tsaye kamar dokin da aka ja wa linzami a wajen jafi ranar Hawan Daushe. Masu kallo suna son wannan, amma tayar da ke sama ba ta juya mota, sitiyari ya zama ado. Don haka masu manyan injuna ɗaure ƙafar gaban suke yi su rage tazarar, su kuma sa ƙananan tayoyi a kan sanduna a bayan mota don kada ta kife. Wasu kuma suka bi ta wata hanya. A 1965 kamfanin Chrysler ya ƙera wasu motocin tsere inda ya matsar da tayoyin baya gaba da inci 15, na gaba kuma da inci 10, don kawai ƙarin nauyi ya zauna a kan tayoyin da ke ja. Motocin suka fito da siffa mai ban dariya, amma suka yi gudu.

Wani ɗalibi zai ce, ai na gani a fim suna tayar da hayaƙi. Haka ne, amma kafin tsere suke yi. Sukan jiƙa tayoyin da ruwa su juya su da gangan, domin su share tsakuwa su kuma ɗumama robar ta yi danƙo. Tayoyin nasu ma na musamman ne, ba su da zane, iskarsu kaɗan ce, filin kuma an fesa masa wani sinadari mai kama da gam. Da zarar an ba da kore, duk wanda tayarsa ta yi hayaƙi ya san an cinye shi. Abin da yaran Gadon Ƙaya suka yi wa tafi, a can abin kunya ne.

Mu dawo gida. Ba a cika ganin motoci masu ƙwanji a titunan Kano ba, amma dokar da ke aiki a kansu tana aiki a kan duk abin da ke da taya a cikin birni. Dattawa sun san dalilin da ya sa Fijo 504 ta mallaki hanyoyin Arewa. An fito da ita a Faransa a 1968, masana'antar Peugeot ta Kaduna da aka buɗe a 1975 ta yi ta haɗa ta har cikin shekarun 2000, kuma a 1975 ɗin ta lashe tseren Safari na ƙasar Kenya. Ba ƙarfin inji ya ba ta wannan suna ba. Ƙafarta ce mai doguwar tazara, wadda idan ta faɗa rami taya takan bi ramin ta ci gaba da taɓa ƙasa, ga shi kuma da baya take ja, inda fasinja da kaya suke zaune. Haka nan idan akori-kura ta kafe a yashi ko taɓo ba kaya a bayanta, za ka ji direba yana cewa yaran mota su hau baya su yi tsalle. Bai taɓa jin sunan Amontons ba, amma dokarsa yake aiki da ita.

A Daidaita Sahu kuwa darasi ce mai tafiya da ƙafarta. Injinta yana baya, fasinja suna baya, tazarar tayoyinta gajera ce, wajen mita 2. Idan aka ɗaure mata dilar kaya a bayanta ko a samanta daga Kantin Kwari, an ɗaga cibiyar nauyi an kuma mayar da ita baya. A koma ga lissafinmu: abin da ake ninkawa ya ƙaru, abin da ake rabawa da shi ƙarami ne. Shi ya sa a hawan gada tayar gaba, wadda ita kaɗai ke juya keken, takan yi sakayau a hannun direba.

Mafi ban tausayi su ne samarin da ke wasa da Corolla da Honda da Golf. Waɗannan da tayoyin gaba suke ja. Idan aka fizge su, nauyi yana guduwa ne daga kan tayoyin da ke aiki ya koma kan waɗanda ba sa yin komai. Abin da ke taimakon tsohuwar motar Amurka shi ne ke cutar su. Don haka tayar da hayaƙi da irin waɗannan motoci abu ne mai sauƙi ƙwarai, ko ƙaramin inji zai iya, balle in akwai ɗan yashi a kan kwalta, abin da ba a rasa shi a titunanmu ba rani ba damina.

Kada wani ya karanta wannan ya garzaya Ƙofar Ruwa neman dogon sifirin. Ba a haɗa gudu da susar baya. Motar da aka shirya don tashi a miƙe ba ta iya kwana ba, ba ta kuma iya tsayawa da kyau ba. An cire mata sitabilaiza, saboda haka takan kwanta gefe a kwana. Hancinta yana daɗewa a sama, alhali lokacin birki nauyi gaba yake komawa, tayoyin gaba ne ke yin mafi yawan aikin tsayarwa. Su masu ita sun san haka, shi ya sa suke tsere a fili killatacce, da katanga, da motar asibiti, da doguwar hanya ta rage gudu bayan layin ƙarshe. Duk da haka ana mutuwa. Bayan rasuwar direba Scott Kalitta a 2008, sai da aka rage tazarar tseren motocin da suka fi gudu daga mita 402 zuwa 305.

Mu kuwa ina muke namu? A birnin da aka tsara hanyoyinsa don mutum da jaki da doki, tun zamanin da Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, ya kafa Kasuwar Kurmi. Titunan da aka faɗaɗa daga baya ma bakin kowane lungu yana buɗe a kansu, kuma daga lungun nan yaro zai fito a guje, ko 'yar talla, ko tunkiya. Mota mai gudun kilomita 60 a sa'a tana cin kusan mita 17 a kowace daƙiƙa. Mu ɗauka riƙon tayarta a busasshiyar kwalta ya kai kashi bakwai cikin goma na nauyinta: tana bukatar kimanin mita 20 ta tsaya bayan an taka birki, ban da mita 17 da ta ci kafin ƙafar direba ta kai ga birkin. In yashi ya raba riƙon biyu, 20 ta zama 40. In gudun ya ninka ya kai 120, tazarar birki ba ninki biyu za ta yi ba, ninki huɗu za ta yi. Kuma duk wannan lissafi ya ɗauka cewa taya tana manne da ƙasa. Motoci nawa ne ke yawo a cikin gari da matacciyar shakazoba, mai ya tsiyaye, taya tana tsalle a kan kowane tudu kamar ƙwallo? Muna ɗaukar shakazoba kayan jin daɗin zama, sai a ce a bari sai an sami kuɗi. Tayar da ke cikin iska ba ta ja, ba ta juyawa, ba ta birki.

Na san abin da wasu abokan aiki za su ce, domin an faɗa mini a ɗakin malamai: koya wa yaro sirrin tseren mota kamar miƙa wa ɓarawo makulli ne. Ban raina wannan tsoro ba. Amma yaran nan ba jiran izininmu suke yi ba, suna kallon abin a wayoyinsu dare da rana, kuma abin da suke gani hayaƙi ne da sowa, ba lissafi. Shirunmu bai hana su gani ba, ya dai bar su da rabin labari, kuma rabin da ya fi haɗari. Yaron da ya zauna ya lissafa mita 40 ɗin nan da hannunsa, ya fita fili ya auna ta da taku, ba zai sake kallon mai fizgar mota a bakin lungunsu da irin idon da ba. Ba na cewa zai zama waliyyi. Ina cewa an rage wa abin armashi, kuma wasan mota ba ya rayuwa sai da masu tafi.

Kayan aikin ba su da tsada. Bulo ɗaya da ma'aunin rataye irin na masu sayar da kaya sun isa a nuna dokar Amontons: a ja bulon a kan daɓe, ɗalibai su ga yadda allurar ke haurawa sa'an nan ta faɗo da zarar ya fara zamewa. A aza bulo na biyu, a sake ja. A barbaɗa yashi, a sake ja. Motar gwangwani da ƙannensu ke ƙerawa, in aka ɗaura mata robar ɗaure kuɗi ta riƙa juya tayoyin baya, ta isa a gwada aza dutse a gaba sa'an nan a baya. Malami ya roƙi wani makanike a Ƙofar Ruwa ya ara masa shakazoba biyu, mai rai da matacciya, kowane ɗalibi ya ja ya tura da hannunsa. In akwai mota a harabar makaranta, a danna kusurwarta da ƙarfi a saki: in ta taso ta tsaya, ƙafar lafiya lau, in ta yi ta lilo, an gano abin da za a gaya wa mai ita. Duk waɗannan suna cikin manhajar da WAEC da NECO ke tambaya a kai, ba a ɓata lokacin kowa ba.

Ga hukuma kuwa, ina goyon bayan a hana wasan mota a kan titi, a kuma hukunta mai yi komai girman gidansu. Amma akwai abin dubawa a tarihin Amurkawan nan. Su ma a kan titunan jama'a samarinsu suka fara, ana ta asarar rayuka, har wani ɗan jarida mai suna Wally Parks ya kafa ƙungiyar NHRA a Kalifoniya a 1951, da nufin kwashe su daga titi a kai su fili mai dokoki, inda ake duba mota kafin ta shiga, agogo kuma ya raba gardama. Kano ta daɗe da ware wa dawaki filin sukuwa. Ko za ta iya ware wa mota, da kuɗin katanga da likita da masu duba lafiyar inji, wannan tambaya ce da ta fi ƙarfin aljihun malamin makaranta, kuma fili mara waɗannan abubuwa gara babu shi.

Shi kuwa yaron Gadon Ƙaya, ban yi masa dogon bayani ba, don magariba ta kawo jiki. Da saurayin ya koma zai sake, sai na ce masa, "Ɗana, wannan karon kada ka dubi hayaƙin. Dubi wancan turken fitilar, ka ƙirga mini daƙiƙa nawa motar za ta yi kafin ta kai gare shi." Ya fara ƙirga a bayyane. Yana kan huɗu, wani mai A Daidaita Sahu ɗauke da mata uku da buhun gawayi ya raɓa ta gefen motar ya wuce turken. Yaron ya buɗe littafinsa yana neman babin gogayya, ya tambaye ni ko a shafi na nawa yake.